Warin Takalmi

Ni mai faci ne, ba malamin lissafi ba.
Rumfata na bakin kwana, ƙarƙashin bedi,
inda titin Daura ke lanƙwasa kamar lauje
kafin ya miƙe ya nufi Katsina.
Shekara sha tara ina ba tayoyi iska,
kunnena ya san kukan birki
kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta:
wannan zai tsaya, wancan ba zai tsaya ba.

In an kwashe na kwashewa,
an zuba ƙasa kan abin da ya zuba,
'yan kallo sun koma teburin mai shayi,
akwai abin da kullum ake mantawa:
takalmi, wari ɗaya,
kwance gefen kwalta, baki buɗe.
Ni ke tsincewa. Ina da buhu bayan injin iska.

Da can, zamanin ramuka,
muna tsine musu safe da yamma,
buhun nan bai cin wari uku a shekara.
Sai ga sabuwar kwalta, baƙa ƙirin, sumul,
muka yi murna har da yanka rago.
Damina biyu, na sake buhu.
Ashe ramin da muke zagi
shi ke riƙe mana ƙafar direba.

Na gane ranakun abin ma.
Ranar kasuwa bayan la'asar,
in an cusa mutum tara a mazaunin biyar.
Jajibirin salla. Daren kai amarya,
yara na ɗaga goshin babur sama.
Sai dab da magariba,
rana na shiga idon mai tahowa daga gabas,
awaki na komawa gida, su ba ruwansu da hon.

Wannan shuɗin na roba, na Abashe ne.
Ya tsaya nan da hantsi, na ce tayarka ta baya ta suɗe,
ga waya na leƙowa.
Ya yi dariya: Baba Sada, sawu ɗaya zan yi in dawo.
Sawun nan har yau bai ƙare ba.

Wannan ƙarami mai fure, na Tasalla.
Gishiri aka aike ta saye tsallaken titi,
kuɗin na nan dunƙule a hannunta.
Uwarta ta zo bayan sadakar bakwai,
ta dube shi, ta daɗe,
ta ce in bar shi nan,
ɗan'uwansa na gida, ba za ta iya haɗa su ba.

Ranar muka fito da shebur da mangala,
muka yi tudu uku da jar ƙasa.
Wata huɗu buhuna na barci.
Wata safiya sai ga katafila,
wai ba mu da izini. Aka share.
Aka yi alkawarin na siminti, da allon gargaɗi.
Allon dai ya zo, an kafa shi.
Mako uku, tirela ta tafi da shi.

A wurin gaisuwa ana cewa kwana ya ƙare.
Na yarda, wa zai ja?
Amma kwanar nan ta gaban rumfata ba ta ƙare ba,
tana nan, tana jira.
Wanda ya rubuta ajali
bai ce ka fito da birkin da ka san ya mutu ba,
bai ce ka ba waya idon da hanya ke bukata ba.

Jiya jikana Lawandi ya zo da sabon babur,
ko leda ba a cire ba.
Na duba iska, na ƙara, na rage, na sake dubawa.
Ban yi masa wa'azi ba.
Buhun na jawo, na zazzage gabansa.
Ya yi shiru har injin ya huce.

Da zai tafi na bi ƙafarsa da ido.
Biyu.
Da dare na fito da cocila, na haska ƙofar ɗakinsa,
na sake ƙirgawa,
sannan na kwanta.